Wai ƙwayar ce ke dawo da ciwon

Lafiya lau na tashi yau. Kuran bai tafi ba jiya da dare, fanka ta kwana tana juyawa, kowa ya samu barci. Har waƙa nake wajen dama kunu, Nana na ta yi mini dariya kafin ta wuce lakwal. Kafin ƙarfe goma na gama wuyan rigar Hajiya, na yanka shaddar yaran Maman Ibro, na ce yau sai na rage tulin nan da ke bisa tabarma.

Bayan azahar ciwon kan ya iso. Ga yadda yake yi mini: daga bayan idon dama yake farawa, ya riƙa bugawa, hasken ƙofa ya zame mini abin gudu, ƙarar keke ta koma cikin kwanyata. Ƙamshin miyar maƙwabta ma tashin zuciya yake sa ni. Na jawo aljihun keke na ɓallo ƙwaya biyu, ina kai su baki sai ga sallamar Yaya Balki, ma'aikaciyar lafiya, ta sauko daga aiki ta biyo gwajin rigarta.

Ba ta ko kalli rigar ba. Katin maganin ta ɗauka, ta juya shi, ta leƙa aljihun ta ga sauran katunan da suka ƙare.

“Maman Nana, a wata guda kwana nawa kike shan wannan?”

Na ce ban ƙirga ba, Yaya, in ya zo nake sha. Ta ce to kwana nawa ne ba ya zuwa? Nan na yi shiru, don ranakun da ba ya zuwa su ne masu sauƙin ƙirgawa.

Ta fiddo abin awon tansiyo daga jakarta ta ɗaura mini a dantse. 12/8. Ta ce wannan lafiya lau ne, daga 14/9 ake fara maganar hawan jini, kuma in bar jin mutane na cewa duk ciwon kai tansiyo ne, don yawancin masu ita ba sa jin komai sai an auna. Ta ja fatar idona ta duba ko jini ya yi ƙasa. Ta tambaye ni zazzaɓi, ta tambayi wuya ko yana sanƙarewa, ta tambayi lokacin al'ada. Na ce kwana biyu kafin ta zo ya fi tsanani. Ta gyaɗa kai ta ce alamun duk na ciwon ɓarin kai ne, wanda ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kusan ninki uku na maza, kuma in ba a tare shi ba yakan yi daga awa 4 har kwana 3.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ta faɗa bayansa ne ya hana ni sukuni har yanzu da nake rubutun nan.

Ta ce mai ciwon kai irin nawa, in yana shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har aka wuce wata 3 a haka, maganin da kansa yakan koma shi ne mai tayar da ciwon. Ƙwayar ta sake ka, kan ya ɗauka, ka sake sha, a yi ta zagaye. In kuwa irin haɗin nan ne mai kafeyin a ciki, ko tramol, kwana 10 ma sun isa. Wanda ke hannuna mai kafeyin ne, ta nuna mini rubutun a bayan katin. Ta ƙara da cewa farasitamol ba a wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, saboda hanta, ibuprofen kuma ciki da ƙoda yake taɓawa, balle a zafin nan da mutum ke yini da ƙishirwa bai sani ba.

Na ce Yaya, yanzu abin da ke tsayar da ni bisa keke shi ne kike cewa yana kayar da ni?

“Ban ce tabbas ba, ƙanwata. Na ce ya yi kama. Lokotoro ne zai tabbatar. Amma in shi ne, hanya ɗaya ce, a bar ƙwayar.”

Na ce in na bari fa? Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce kwanakin farko ciwon ƙaruwa zai yi, har da amai da rashin barci, mako guda ko fiye da haka, kafin kan ya fara sakin mutum. Daga nan ne za a ga ainihin ciwon da ke ƙasa, in ya cancanci maganin rigakafi da ake sha kullum sai a rubuta mini.

Inna tana zaure tana jin mu. Ta ɗaga murya ta ce ita dai tun bara take cewa a kira wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, mataccen jini ne, kuma a karɓo rubutu wajen Malam, don mai sana'ar da ake gani ba ta rasa baki a kanta. Yaya Balki ta ce, “Inna, addu'a ba mai hana ta, a yi ta yi. Amma ku bar ni da maganar ƙwayar nan.” Ta kuma tsokane ta da cewa ranar da goro ya yanke mata ai ita ma kanta sarawa yake, kafeyin ɗin ne dai guda. Inna ta ce goro ba ya cikin wannan magana. Muka yi dariya, ni dai rabin fuska.

Tana ɗaura gyale ta jero mini abubuwan da ba a jira da su: ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman a rani da sanƙarau ke yawo, ɓarin jiki ya mutu ko harshe ya karye, mai ciki ta kumbura tana gani dishi-dishi. Waɗannan a hau kabu-kabu a nufi likita ko tsakar dare ne. Ta ce in samu kalanda in riƙa sa alama ranar ciwo da ranar shan magani, in je a auna mini ido tunda zare baƙi nake bi a ɗaki mai duhu, in ajiye gorar ruwa kusa da ƙafar keke, in bar tsallake kalacin rana. Ƙwayoyin ƴan talla da ke yini a tire cikin rana kuwa ta ce ko kyauta aka ba ni kada in karɓa.

Ta tafi, rigar ma ba a gwada ba.

Na yarda da ita, ba ta taɓa gaya mini abin da ba ta sani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mako gudan nan. A ina zan samo shi? Sallah ta matso, kayan mutane jibge, mafi yawansu sun ba da kafin alƙalami, kuɗin kuma sun riga sun shiga buhun hatsi da kuɗin lakwal. A watan nan da zafi ke haura digiri 40, ko mai lafiya da ƙyar yake kai la'asar bisa keke. Mai albashi zai iya kai takarda ya kwanta. Tela in ta kwanta, keken ma ya kwanta, kuma wadda aka ɓata wa kayan Sallah ba ta dawowa baɗi.

Da marece na gaya wa Baban Nana. Yana wanke kofunan shayi ya ce, “To ai da sauƙi, sai ki daina sha.” Na san ba da mugunta ya faɗa ba, mutumin da ya sha fita da dare neman farmasin da ke buɗe saboda ni. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Ciwon kai ba ya kumbura, ba ya jini, ba abin da za ka nuna wa mutum ya gani. Wanda bai taɓa kwana da kallabi ɗaure tamau a goshi yana roƙon Allah yara su rage murya ba, gani yake ɗan abu ne. Ko cikin masu kawo ɗinki akwai wadda ta taɓa ce mini, “Ke kullum ciwon kai,” da muryar da ke nufin ƙarya nake. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

  Inna ta aika a kira wanzamin duk da haka, na ce ta dakata tukuna.

Mun yi da Yaya Balki ranar Alhamis za ta raka ni wajen lokotoro, kuma zan tambaye shi ko barin ƙwayar zai iya jira har bayan Sallah, ko akwai abin da zai riƙe ni kafin nan. Sabon ɗinki dai na rufe karɓa daga yau. Gobe da safe zan kira Maman Ibro in gaya mata kala ɗaya-ɗaya yaranta za su samu, sauran sai bayan Sallah. Za ta yi faɗa sosai, kuma ƙila ta kwashe shaddarta ta kai wani wuri.