Dangwalen yatsan Gwaggo

Jiya na kwashe kayana daga makaranta, na hau motar Daura. Shekara huɗu ina karatun wasan kwaikwayo da fim, haɗe da kwasa-kwasan nazarin mata da jinsi. Ƙannenmu na sashen sun ce in rubuta musu abin da na koya. To ga shi, amma kada kowa ya sa ran jin batun Aristotle, masanin nan na Girka ta dā.

Aikin kammalawata gajeren fim ne na minti 12 a kan zawarci. Malamin da ke duba aikin ya so in yi a kan Daurama, wai 'yar Daura ba ta da labarin da ya wuce na sarauniya da rijiyar Kusugu da macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Na ƙi. Duk ɗalibin da ya fito daga garinmu sai an tura shi bakin rijiyar nan, matan da ke raye kuwa ba mai tambayarsu ko sannu. Na zaɓi wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai sayar da fura, muna kiranta Gwaggo, wadda aurenta ya mutu sau uku.

Ranar ɗauka na same ta kan tabarma a tsakar gida tana mulmula fura, hannu duk gari. Na ciro takardar amincewa, shafi biyu, Turanci zalla. Ta ce, "'Yar nan, me aka rubuta?" Na ce, "Ba komai Gwaggo, ta makaranta ce." Ta goge babban yatsanta da gefen zane, na shafa masa tawadar biro, ta dangwala. Daga nan ta buɗe mini cikinta: yadda mijinta na biyu ya aiko yaro da takardar saki tana cikin wankan jego, yadda aka zo aka karɓe ɗan ranar da ta yaye shi. Ba ta kama sunan kowa ba, sai dai a unguwarmu ko ba a faɗi suna ba an san da wa ake.

A ƙarshen takardar akwai layin da ya ba da izinin nuna fim ɗin ko'ina. Na san da shi. La'asar ta yi sanyi, haske na shirin guduwa, sai na tsallake fassarar.

Malam ya yaba, ya ɗora fim ɗin a shafinsa na Facebook, sunansa a sama a matsayin furodusa, nawa can ƙasa. Kafin mako ya zagayo wani ya yanko wurin da take kuka ya watsa a WhatsApp. Dangin tsohon mijin suka zo har ƙofar gida da baƙaƙen maganganu. Ɗan nan da aka karɓe, yanzu magidanci, ya ɗauke ƙafa daga gaishe ta. Na sami Malam a ofis murya na rawa, na roƙe shi ya sauke. Ya ce, "Ta dangwala ko ba ta dangwala ba?" Na ce ta dangwala. Ya ce, "To ki jawo mini ƙofa in kin fita." Mutumin nan shi ya kwashe zango guda yana koya mana yadda kyamara ke mayar da mace abin kallo. Ya ba ni A. Laifin farko nawa ne, ban musa ba, amma har gobe ina jin zafin ƙofar nan.

Sauran darussan ba su da tsawo. Mutane sukan yafe hoto mai duhu, ba sa yafe sautin da janareton maƙwabci ya cinye. Ajiye aikinka a wuri biyu. In an gaya muku a Girka ta dā maza ne ke fitowa a matsayin mata, ku tuna wa malamin cewa a wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Ni na faɗa a aji biyu, aka yi tsit. Takardar amincewa kuma, tun daga lokacin da Hausa nake rubuta tawa, in karanta da ƙarfi, in ce a tafi a kwana a kai.

Da safen nan na leƙa gidan Gwaggo. Ta amsa gaisuwa, ta dama mini fura, ta ce, "An gama bokon?" Na ce an gama. Ta dubi jakar da ke kafaɗata, ta ce in bar ta a zaure.