Wasiƙa daga Kumasi: Awaki sun fi yawa, amma zancen shanu ake yi

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na gida. Ina gaishe ku daga Kumasi, da fatan iyali da dabbobi duk suna lafiya.

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda aka ta da zancen kiwo, a rediyo ko a majalisa, saniya ake nufi: burtali, mashaya, rikicin manoma da makiyaya. Alhali in aka bi gida gida aka ƙirga, akuya ce kan gaba. A ƙidayar dabbobin Najeriya ta 1990, wadda aka yi da jirgin sama da kuma bin ƙauyuka, an samu shanu miliyan 13.9, tumaki miliyan 22.1, awaki miliyan 34.5. Ke nan in aka haɗa ukun, kusan rabi awaki ne. Nan Gana ma haka abin yake, awaki sun ninka shanu fiye da sau uku.

Sai da na zauna a ƙasar Ashanti na gane cewa yawan awaki a nan da yawansu a can gida ba dalili ɗaya ne ya kawo su ba. Nan kurmi ne, ruwa da ciyawa ba a magana, amma akwai ƙudan tsando mai yaɗa cutar sammore, shi kuma sammore ba ya barin irin shanunmu su yi ƙarko. Shi ya sa shanun Gana suka fi yawa a arewa, wajen Tamale da Bolgatanga da Wa, sai kuma filayen da ke kusa da Akra. Da yawa daga cikin waɗanda ake yankawa a Kumasi ma a mota ake sauko da su daga Burkina Faso ta iyakar Paga. Wadda ta iya zaman kurmin ita ce gajeriyar akuyar nan mai guntayen ƙafafu, domin jikinta na jure cutar. Ita ce za ka gani tana kiwo a bakin kwata a Aboabo da Asawase, ita ce kuma ke cikin miyar da mutanen gari ke cin fufu da ita.

A wajenmu kuwa fari ne ya ba akuya matsayi. Dattawanmu ba su manta 1973 da 1984 ba, lokacin da garake suka ƙare. Akuya na cin ganyen ƙaya da 'ya'yan gawo a inda saniya ba ta samun abin tsinta, cikinta wata 5 ne, kuma tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta. Da ita mutane da yawa suka sake tada garke. Haka yake a sauran duniya: awaki sun haura biliyan 1, fiye da kashi 90 cikin 100 suna Asiya da Afirka. A Turai shanu da aladu ne suka mamaye, sai Girka mai duwatsu da ke da awaki masu yawa. Brazil na da shanu sama da miliyan 200, amma awakinta sun taru ne a arewa maso gabas, inda ake fama da ƙarancin ruwa.

To me ya sa hukuma ba ta ganinta? Masana na auna dabbobi da nauyi, a lissafinsu saniya ɗaya tana daidai da awaki kamar 7. Da wannan ma'auni, awakin nan miliyan 34.5 ba su wuce shanu miliyan 5 ba. Lissafin daidai ne in nama ake tambaya, amma bai faɗi hannun wa dabbar take ba. Shanu ɗari suna iya zama na mutum ɗaya. Awaki ɗari kuwa na gidaje da dama ne, biyu nan, uku can, kuma galibi na iyayenmu mata, waɗanda ba su taɓa kai nisabin zakka na 40 ba. Da su ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti, da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya mace. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ma, wadda aka jeme a Kano ta ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, daga irin waɗannan gidaje ta fito.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne annobar nan ta awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zawo da majina da gyambon baki, wadda kan share turken mace cikin 'yan kwanaki. A Kwaddibuwa, maƙwabciyar Gana, aka fara gano ta a 1942. Tana da rigakafi, allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara 3, kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, kamar yadda aka kawar da bushiya ta shanu a 2011.

Don Allah iyayena mata, in malaman dabbobi suka zo gari, ku fito da awakinku, kada a ce allurar shanu ce kawai. In ba su zo ba, masu gari da kansiloli su je su tambaya. Wadda aka sayo daga kasuwa kuma a ɗaure ta daban na mako uku kafin a haɗa ta da sauran.

Wassalam,
Ɗanku kuma ɗan'uwanku a Kumasi.