Dashen da ba a share wa hanyar wuta ba, na gobara ne

Sana'armu iri biyu ce: rainon itatuwa da damina, tare musu wuta da rani. Gandun rainona yana kudancin Kano, ba nisa da dajin Falgore, kuma duk wanda ya sayi dashe a wurinmu ya san ba ma sallamarsa sai mun tambaye shi wa zai share masa hanyar wuta, wato filin da ake kankarewa kewaye da itatuwa don wutar daji ta tsaya, idan hunturu ya kama.

A hannun wani tsohon malamin daji na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Shi ya nuna mini cewa kowane iri da halinsa. Ƙwallon darbejiya ba ya son ajiya. Ka tsince shi, ka wanke, ka shuka a makonnin nan, in ka ɓoye shi zuwa baɗi ka yi asara. Bagaruwa da ɗorawa kuwa taurin kai gare su, sai an jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin su yarda su tsiro. Yakan tsuguna ya ɗaga ledar dashe ɗaya bayan ɗaya, in saiwa ta huda ta kama ƙasa ya datse ta da wuƙa, ya ce, "Ɗana, wadda ba ka datse yau ba, ita za ta kashe dashen ranar ɗauka." Har yanzu haka muke yi. Ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen taki muke tankaɗewa mu cika leda, kuma kafin lokacin dashe muna rage ruwa muna janye rumfa a hankali, don itacen ya saba da rana tun yana gida.

Su kuwa masu kwangilar jaka a hannu ba ruwansu da wannan. Su zo su taya dashenka da kuɗin da bai kai na leda ba, in ka ƙi su tafi bakin titi su kwashi wanda ya tashi a inuwa, dogo siriri, ganye shar. A Agusta a dasa a ɗauki hoto, a Janairu babu ko ɗaya.

Amma ko dashe mai kyau wuta ba ta ƙyale shi. Daga Nuwamba ciyawa ta bushe, iska ta taso, mai farautar gafiya ya cinna, mai ɗiban zuma ya bar bakin wuta a kogo, mai gawayi ya tafi bai kashe raminsa ba. Maganin tun kafin nan ake yinsa. Muna shiga da adda, fartanya da manjagara mu kankare hanya kewaye da gandu har sai ƙasa ta fito tas, mu sare rassan da suka sunkuyo, mu kwashe busasshiyar ciyawa daga gindin kowane dashe. Sannan ƙunar wuri: a ƙone gefen hanyar tun ciyawa da sauran lema, da sanyin safiya ko da yamma liƙis, iska na kwance, yara na tsaye da ɗanyen ganye a hannu. Wutar nan rarrafe take yi, ba ta kai gwiwa. Wanda bai iya karanta iska ba kada ya gwada.

Wannan aikin ne ba a cika ware wa kuɗi ba. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya haɗa da jihohi 11 na Arewa, har da Kano, sannan ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 a 2021. Dashe yana samun gata ke nan. Gandun daji kuwa galibi a hannun jiha yake, don haka kuɗin shara, ƙunar wuri da albashin masu gadi daga kasafin jiha ya kamata su fito, duk shekara, a sake su a Oktoba, ba bayan an yi toka ba.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomin da Falgore ya ratsa, Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, su haɗa baki su mara wa wannan buƙata baya a gaban majalisar jiha. Su ne kusa da dagatai da masu unguwanni, su suka san ardon da za a zauna da shi da sarkin dawan da mafarauta ke jin maganarsa. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗinsu, suna da bakin cewa ga namu kason, jiha ta kawo nata.

In kuɗin ya fito, a ba waɗanda suka san aikin, kada a sake miƙa wa masu jaka. Mu dai addunanmu a wase suke, madaci, dakwara da tsamiya suna nan a leda, kuma mai gona ko makarantar da ke son a share mata hanyar wuta ta zo tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.