Ƙafar ce ba ta ji

Da carbi abin ya fara. Baba na zaune bayan la'asar a gidanmu na Hindawiyya nan Makka, hannun dama bisa gwiwa, babban yatsa yana ta murza manuni kaman mai jan tasbaha, alhali carbin na can rataye a ƙusa. In ya miƙa hannu zai ɗauki finjalin gahawa sai rawar ta lafa, yana aje hannun ta dawo. Hajiya ta ce tsufa ne, wani kawunmu ya ce a yi ruƙiyya, muka yi. Sai da na raka shi ɗawafi bayan Ramadan hankalina ya tashi, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura keken alhazai tsakanin Safa da Marwa yau ga shi taku ƙanana ƙanana yana jan ƙafa, hannun dama ko lilo ba ya yi, da muka zo bakin ƙofa kuma ya tsaya cak kaman an liƙa shi da ƙasa, mutane na ta bangazar mu. Na ce Baba mu je mana. Ya ce "ɗana ni ma so nake in tafi, ƙafar ce ba ta ji." Wallahi har yau in na tuna yadda na ɗaga masa murya sai zuciyata ta yi nauyi.

A mustashfa likita ya ce shalal ru'ash ne, wato cutar Parkinson, sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817 daga mutum 6 da ya lura da su. Ni duk zatona jijiyoyin ƙafar ne suka mutu, ko ƙarfi ya ƙare. Likitan ya ce a'a ƙarfi na nan, birki ne ya danne, ya jawo takarda ya zana min, na koma gida na yi ta bin zanen har na gane.

Ashe sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi yawancin aikinsa hanawa ne. Akwai wani gungu can ciki, falidus na ciki, ko kana zaune ba ka komai yana ta zuba wani sinadari GABA a kan talamus, mashigar da saƙon motsi ke bi, yana danne shi, kaman askarin da ya tare ƙofar Harami ranar cunkoso. In ka yi niyyar ɗaga ƙafa, sai wani gungun, sitirayatom, ya aika nasa GABA ɗin ya riƙe hannun askarin, ƙofa ta buɗe, talamus ya samu sarari ya isar da saƙo sama inda ake ba gaɓoɓi umarni. Kun ga kenan motsi ba ya fita sai an hana mai hanawa. Sannan akwai hanya ta biyu mai zagaye, ta bi ta falidus na waje da wani ɗan gungu ƙarƙashin talamus, ita ƙara wa askarin ƙarfi take don kar motsin da ba ka nema ba ya kutso. Wani sinadarin kuma, dofamin, shi ke daidaita su, yana zuwa daga wani ɗan baƙin wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa, in ya sauka a makarɓar D1 ya zaburar da hanyar buɗewa, in ya sauka a D2 ya sassauta hanyar rufewa. To ƙwayoyin baƙin wurin nan su ne ke mutuwa a hankali, kuma kafin a ga alama kusan rabi ko fiye sun riga sun tafi. Mai buɗewa ta yi sanyi, mai rufewa ta samu gari, askari ya kafe a ƙofa. Shi ya sa fuskar Baba ta daina nuna fara'a, muryarsa ta yi ƙasa, sa hannunsa a takarda ya ƙanƙance.

Maganin da aka ɗora shi kai lebodofa ne haɗe da karbidofa mai kare shi a jini har ya isa ƙwaƙwalwa. Dofamin kansa in an sha ba ya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, lebodofa ke shiga sai a can a mayar da shi dofamin. Wani ɗan Suwidin, Arvid Carlsson, ya gwada shi kan zomayen da suka kasa motsi a 1957 suka tashi suka motsa, ya samu kyautar Nobel a 2000. Maganin ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin baƙin wurin, likita bai ɓoye mana ba, amma bambancin kam a fili yake. Abu ɗaya da muka koya da wahala, in ya ci kabsa mai nama da yawa maganin ba ya kama shi sosai, don sinadarin gina jiki na nama yana gasa da shi wajen shiga, yanzu Hajiya rabin awa kafin abinci take ba shi ƙwayar.

Ƙanwata ta manna farin tef layi layi daga ɗakinsa zuwa banɗaki, don in ido ya ga abin tsallakawa ƙafa ta fi saurin amsawa. Jiya da asuba ya kafe a bakin zaure, ban ja shi ba, na sa ƙafata a gabansa na ce Baba tsallake, ɗaya, biyu. Ya tsallake, muka samu raka'ar farko.