Yadda na bi sawun furoton a iskar rana

Aikin da aka ba ni ya yi kama da mai sauƙi: in gina ƙaramin akwati a kwamfuta, in zuba masa furoton (ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki) da filin maganaɗisu, in bar shi yana faɗaɗa kamar yadda iskar rana, wato kwararar irin waɗannan ƙwayoyi zuwa sararin samaniya, ke bazuwa bayan ta baro rana, in ga me zai faru.

Lissafi ya riga ya faɗi abin da zan gani. A kusa da duniya, furoton kamar biyar ne kawai a cikin santimita ɗaya ta kowace fuska, saboda haka da wuya ɗaya ya yi karo da ɗan'uwansa; sai ya yi tafiya kusan nisan rana da duniya kafin hakan. Tunda babu karo, babu mai daidaita musu zafi. Bisa ka'idar da masana Chew, Goldberger da Low suka kafa a 1956, zafin gicciye, wato na kewayen da furoton ke yi wa layin maganaɗisu, yana faɗuwa yayin da filin ke rauni, shi kuwa zafin da ke bin tsawon layin yana nan kusan yadda yake. In tazarar da ke tsakanin zafin nan biyu ta yi yawa, layin sai ya fara wutsil-wutsil kamar mesar 'yan kwana-kwana da ta kuɓuce daga hannu. Igiyoyin da wannan birkicewa ke tayarwa su ke warwatsa furoton, su rage tazarar.

Don in rage lokacin kwamfuta, na ƙara wa akwatin saurin faɗaɗa sosai. Furoton suka tsallake iyakar birkicewa, wato inda ya kamata layin ya fara wutsil-wutsil, suka yi nisa, ban ga igiyar da ta tare su ba. Kwana uku ina murna, ina zaton na gano sabon abu. Ashe ban ba igiyoyin lokacin girma ba ne. Da na sassauta saurin, sai ga su sun taso, ɗigon da ke nuna tazarar a kan allona ya daki iyakar ya dawo baya.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai. Akwatina mai fuska ɗaya ne, a miƙe da layin maganaɗisu, don haka igiyoyin da ke tafiya a karkace ba su da wurin tasowa. Amma bayanan kumbon Wind, wanda aka harba a 1994, sun nuna cewa furoton sun fi tsayawa a iyakokin birkicewa masu karkata, wato wadda ake kira ta madubi, mai tasowa in zafin gicciye ne ya rinjaya, da ta mesa mai karkata. Na sake gina akwatin da fuska biyu, aikin ya koma makonni, sannan hotona ya fara kama da na sararin samaniya.

Har yanzu akwai abin da akwatin bai ba ni ba. Kumbunan Helios, da suka kusanci rana zuwa kashi uku cikin goma na nisanmu a shekarun 1970, sun ga zafin gicciye a iska mai gudu yana raguwa a hankali fiye da yadda lissafin 1956 ya ce. Wani abu na ɗumama furoton a hanya, kuma masana da dama na danganta shi da hargitsin igiyoyi. Shi nake ƙoƙarin sakawa a akwatin yanzu, in kwatanta da awon kumbon Parker Solar Probe, wanda ya tashi a Agustan 2018.