Alhamdulillah na kare furojet ɗina, ga saƙon godiya

Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaran jiya nake son rubuta wannan amma baccin da na biyo bashi na wata uku bai bar ni ba sai yau. Na tsaya gaban malamai na kare furojet ɗina na tarihi kuma sun amsa, gyaran da suka ba ni bai fi shafi biyu ba. Alhamdulillahi.

Masu tambayata wai me ya haɗa ni da wani gidan sarauta na Ingila, laifin safabaiza na ne, Allah ya saka masa da alheri. Ni gadon sarauta gabaɗaya na so rubutawa, ya ce a'a 'yata, wannan teku ne, kama gida ɗaya ki bi shi daki-daki. Shi ne na kama sarautar Duke na Norfolk, saboda na ga a talabijin mai riƙe da ita yanzu, Edward, na 18 a jerin, shi ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da bikin naɗin Sarki Charles a 2023, aikin gidansu ne tun 1672 da aka mayar musu da muƙamin Earl Marshal, wato mai tsara manyan bukukuwan masarauta, na gado. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, uba ya mutu ɗa ya hau. Ashe ban san me na taro ba.

Wallahi mutanen nan kamar suna ya ƙare a duniya, daga Thomas sai Henry, daga Henry sai Thomas. Ina cikin wannan ruɗanin laftof ɗina ya mutu ɗauke da babi biyu da duk bishiyar zuri'ar da na zana, ban tura a imel ba ban saka a fulash ba, na yi kuka ranar kamar an yi min rasuwa. To a nan zan fara da ƙanwata Auta. Ita ta sayo kwali huɗu ta haɗe su da salatif ta manna a bangon ɗakinmu, ina karanto suna tana rubutawa, ta ware jan biro musamman don waɗanda aka fille wa kai ko aka ƙwace wa sarauta. Kafin sati jan biron nan ya yi aiki. John Howard da Sarki Richard na 3 ya naɗa a 1483 shekara biyu kawai ya yi aka kashe shi a yaƙin Bosworth tare da sarkin nasa, aka ƙwace komai aka kulle ɗansa Thomas. Thomas ɗin nan sai da ya kai shekara 70 ya ci yaƙin Flodden a 1513, inda sarkin Scotland ya mutu, sannan aka maido masa da sarautar ubansa a 1514. Auta, bashin biro yana nan zan biya.

Umma kuwa ba ta taɓa shiga aji ta karanta tarihin Turai ba amma ita ce ta fi kowa bin labarin, kullum da daddare sai ta leƙo ta ce yau kuma wa aka yanka? Ranar da na ba ta labarin Duke na uku, wanda 'yar ƙanwarsa Anne Boleyn da 'yar ƙanensa Catherine Howard duk suka auri Sarki Henry na 8 kuma duk sarkin ya sa aka sare musu kai, har shi kawun ne ya jagoranci shari'ar Anne a 1536, Umma ta yi shiru can ta ce wannan ba kawu ba ne, ɗan kasuwa ne. Shi ma ai bai tsira ba, an kashe ɗansa a Janairun 1547, shi kansa yana tsare ana shirin zartar masa da hukunci sai sarkin ya riga shi mutuwa. Jikan Duke ɗin da ya gaje shi kuma Sarauniya Elizabeth ta farko ta sa aka fille masa kai a 1572 kan shirinsa na auren Mary, tsohuwar sarauniyar Scotland. Daga nan babu Duke na Norfolk har shekara 88. Da aka tashi maidowa a 1660 sai ta faɗa kan ɗan tattaɓa kunnensa, bawan Allah mai taɓin hankali da ke zaune a Padua can Italiya, saboda shi ne babba a layin maza kuma doka ba ta tambayar lafiya ko cancanta. Umma Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, addu'arki na gani a ɗakin nan.

Abin da ya tsaya min a rai, kuma shi malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya kama ni da shi, maganar mata ce. Ya ce to ta ina gidan Howard suka samu wannan sarauta tun farko? Na ce ta wajen mace ranka ya daɗe. Asali ta gidan Mowbray ce tun 1397, mazansu suka ƙare a 1476, kuma mahaifiyar John Howard, Margaret, 'yar Duke na farko ce a gidan Mowbray ɗin. Ta ƙofarta suka shigo, da suka shiga sai aka rufe ƙofar. A 1975 Duke na 16 ya rasu ya bar 'ya'ya mata huɗu ba namiji, sarautar ta tsallake su duka ta tafi wajen wani ɗan uwa na nesa, Miles, tsohon janar na soja, mahaifin wannan na yanzu. Malamin ya ce ke a ganinki adalci ne? Na ce a ganina tsarin ya hana rigima don kowa ya san mai jiran gado tun yana zanin goyo, amma adalci kam ban gan shi ba. Ya yi dariya ya rubuta wani abu, ni kuwa gwiwata rawa take a ƙarƙashin tebur.

Godiya ga Baba da ya biya kuɗin gyaran laftof duk da bai tashi ba, da mai gyaran da ya kwana biyu a kansa ya ƙi karɓar ko sisi a karo na biyu. Godiya ga Yaya Babba da ya ba ni aron tasa kwamfutar wata biyu cur, ya koma yin aikinsa a waya. 'Yan ajinmu da suka zauna na yi gwaji a gabansu sau uku suna min tambayoyin mugunta, kun fi malaman tsanani wallahi, na yafe. Ma'aikaciyar laburare da take ɓoye min littafi a ƙarƙashin kanta don kar wani ya riga ni, Allah ya biya ki. Wanda ban ambata ba don Allah ya yi haƙuri, kaina bai gama dawowa daidai ba.

Masu cewa in turo musu su karanta, ku bari in gama gyaran a sa hannu tukun. Kwalin kuma yana nan a bango, Umma ta hana a cire, wai ba a gama ba ta labarin waɗanda ke ɓangaren hagu ba.