Ɗaliban da ke ɓacewa a aji uku

Shagona na fotokwafi da buga takardu yana bakin ƙofar jami'a, shi ya sa nakan riga malamai gane ɗalibin da karatu ya fara gagara. Wanda ya saba kwafe darasi gaba ɗaya sai ya koma ɗaukar hoton shafuka da waya. Daga nan sai "Oga, rubuta min, zan kawo." Zango na gaba babu shi. Yawancinsu kuma ba jarrabawa ce ta kayar da su ba, aljihu ne.

Abin ya fi muni a 2023. An fito daga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗaliban Jami'ar Bayero (BUK) 7,000. An ji daɗi, amma digiri ba shekara ɗaya ba ne.

Da NELFUND, hukumar gwamnatin tarayya mai bai wa ɗalibai lamunin karatu, ta buɗe shafin neman lamuni a watan Mayun 2024, na zama mai cike fom: NIN, BVN, lambar JAMB. Kuɗin makaranta kai tsaye yake tafiya jami'a, ɗalibi kuma ya samu naira 20,000 duk wata. Babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cirar kashi 10 na albashi.

Cike fom bai kai shawo kan iyaye wuya ba. Wani dattijo ya zo da 'yarsa, yana jin kalmar bashi ya miƙe.

"Yaro, ba zan aurar da ita da bashin gwamnati a wuya ba."

Na ce, "Baba, in ta bar karatu a aji uku, wa zai dawo maka da abin da ka riga ka kashe?" Ya yi shiru, ya ce zai tambayi malaminsa ko da riba a ciki. Bayan Juma'a suka dawo da BVN ɗinta.

Dubu ashirin ɗin dai kuɗin adaidaita ne da garin kwaki. 'Yan ajin ƙarshe masu buga furojet har yanzu karo-karo suke yi wa juna, ni kuma in bar musu kuɗin ɗaurin kwafi ɗaya.